Tsohon Ƙarfe, Sabuwar Ƙwaƙwalwa: Tarihin Kwamfutocin VLA

Mai tafiya a kan babbar hanya mai lamba 60 a jihar New Mexico ta Amurka, idan ya bar garin Socorro ya nausa yamma, ya wuce Magdalena, zai faɗa wani fili fetal da ake kira San Agustin. Kwancen wani tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, a kan tudun da ya haura mita 2,100 daga teku, duwatsu sun yi masa ƙawanya. Ciyawa ce da shanu da iska. A tsakiyar wannan fili fararen kwanuka 27 suke tsaye, kowanne faɗin bakinsa mita 25, nauyinsa ya haura tan 200, an jera su a hannuwa uku masu siffar harafin Y. Idan ɗaya ya juya, duka suke juyawa tare, su fuskanci wuri guda a sama. Wannan ita ce VLA, cibiyar da ke sauraren siginar rediyo daga taurari, wadda hukumar NRAO ke gudanarwa da kuɗin gwamnatin Amurka.

Wanda ya ga wurin a 1980 ya sake dawowa yau zai iya rantsewa ba abin da ya sauya. Kwanukan su ne, layin dogon da ake jan su a kai shi ne. Amma tsakanin 2001 da 2012 an fitar da kusan duk abin da ke cikinsu, daga na'urorin karɓar sigina zuwa wayoyi, daga kwamfutocin da ke ba su umarni zuwa manhajar da ke mayar da abin da suka ji hoto. Kuma a tsawon waɗannan shekaru ba a dakatar da aikin bincike ba sai na 'yan makonni.

Kafin a gane nauyin wannan aiki sai an san abin da kwamfuta take a irin wannan wuri. A farkon shekarun 1930 wani injiniyan kamfanin Bell, Karl Jansky, yana neman tushen ƙarar da ke damun wayar tarho ta rediyo tsakanin Amurka da Turai, sai ya gano wani shuu da ke zuwa daga tsakiyar gungun taurarin da duniyarmu ke ciki. A 1933 ya bayyana abin da ya gano. Daga nan aka san sama tana magana da rediyo, amma ganin abin da ke maganar ya yi wuya, saboda zangon rediyo dogo ne ƙwarai idan aka gwada shi da na haske. Kwano guda mai mita 25, idan yana saurare a zangon santimita 21 da iskar haidurojin ke fitarwa, duk abin da bai kai girman cikakken wata ba dunƙule ɗaya yake ganinsa. Wanda yake son gani tar kamar na madubin hangen taurari sai ya ƙera kwanon da faɗinsa ya kai kilomitoci masu yawa, abin da ba wanda zai iya.

Martin Ryle na Jami'ar Cambridge a Ingila ne ya buɗe hanya, har ya sami lambar Nobel a 1974. Dabarar ita ce a warwatsa ƙananan kwanuka, a ɗauki siginar kowane biyu a gwama su, a bar juyawar duniya ta riƙa sauya kusurwar da suke kallon sama, sannan a tattara sakamakon a yi masa lissafi ya zama hoto. Kwanuka 27 suna ba da tagwaye 351. Kowane tagwaye sai an daidaita musu lokaci, domin siginar tauraro tana riga isa wani kwano kafin wani da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wannan tazara tana sauyawa kullum yayin da duniya ke juyawa. Saboda haka a VLA babu inda mutum zai sa ido ya leƙa. Idan kwamfuta ta tsaya, abin da ya rage ƙarfe ne a daji.

David Heeschen, shugaban NRAO na wancan lokaci, shi ya tsaya tsayin daka har majalisar dokokin Amurka ta amince da aikin a watan Agusta na 1972. An fara gini a 1973, kwano na farko ya tsaya a 1975, aka yi bikin buɗewa ranar 10 ga Oktoba, 1980, bayan an kashe kimanin dala miliyan 78 da rabi. An shimfiɗa layin dogo mai tagwayen hanya a kowane hannu, aka ƙera motoci na musamman da ke ɗaukar kwano sukutum su kai shi wani mazauni. Duk bayan 'yan watanni ake sauya jerin. A wanda ake kira A, tazarar kwanukan da suka fi nisa da juna ta kai kilomita 36. A na D kuwa duk an tattaro su cikin kusan kilomita ɗaya.

Yaya za a kawo sigina daga kwanon da ke kilomita 21 zuwa ɗakin sarrafawa? A lokacin zaren gilashi bai kai ga amfani ba. Sai injiniyoyin, ƙarƙashin jagorancin Sander Weinreb, suka binne wani bututun ƙarfe mai faɗin milimita 60 a gefen kowane hannu, irin wanda kamfanonin tarho suka ƙirƙiro don kiran nesa, sigina na bi ta cikinsa. Bututun ɗaya ne ke kai umarni yake kuma dawo da saƙo, don haka aka raba masa lokaci. A kowane zagaye na milisakan 52, ɗan guntun da bai kai milisakan 2 ba na umarni ne daga ɗakin sarrafawa zuwa kwanuka, sauran kuwa na kwanuka ne su turo abin da suka ji. Wannan bugun, sau 19 da ɗoriya a kowane sakan, shi ne ya zama bugun zuciyar wurin gaba ɗaya, kuma a kansa aka gina kowane layi na manhajar sarrafawa. Bayan shekara 30, masu son sauya tsarin sun tarar da shi a kowane lungu.

Kwamfutocin sarrafawar na kamfanin ModComp ne na jihar Florida, ƙanana a ma'aunin zamaninsu, masu bit 16, waɗanda aka san su da amsa umarni a kan kari. Ma'aikata sun raɗa musu sunaye. Akwai Boss, shugabar tafiyar, da Monty mai sa ido kan lafiyar kwanuka, da Cora da Corbin masu karɓar abin da ke fitowa daga na'urar gwama sigina. Wanda ya tsara manhajarsu shi ne Barry Clark, masanin falaki da ya shiga NRAO a 1964 bayan ya gama digirinsa na uku a Caltech. Da Fortran aka rubuta wani sashe, wani kuma da harshen da ke magana kai tsaye da injin, domin ƙwaƙwalwar ajiyar ba ta da yalwar da za a yi almubazzaranci da ita. Aikin da ke kan wannan manhaja ba kaɗan ba ne. Ita ke lissafa inda kowane kwano zai fuskanta, ta bi tauraro yana ratsa sama, ta gyara tazarar lokacin kowane kwano, ta duba ko na'urorin karɓa suna cikin sanyin da ya haura digiri 250 ƙasa da sifili, sannan duk sakan 10 ta rubuta sakamakon tagwaye 351 a kan tef. Ma'aikaci guda ne ke zaune a gaban allo dare da rana, shi ke yanke shawarar a ɗaga kwanuka su kalli sama idan iska ta yi ƙarfi, ko a karkata su su zubar da dusar ƙanƙara.

Masanin da aka ba lokaci kan rubuta jerin umarninsa a fayil, layi bayan layi, kowane layi mai gurbi 80, kowace lamba da gurbin da dole ta zauna. Gadon katin kwamfuta mai huji ne, kuma ya ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan an daina ganin katin kansa.

Inda aka fi shan wuya a farko shi ne bayan an gama saurare. Babbar kwamfutar DEC-10 da aka tanada don gyara bayanai da zana hoto ta kasa ɗaukar nauyin, masana na layi suna jiran juna. Ƙari a kan haka, masu lissafi sun fito da dabarun da suka sa wurin ya zarce abin da maginansa suka yi alkawari, amma dabarun masu cin kwamfuta ne. A 1974 Jan Högbom ɗan ƙasar Suwidin ya wallafa hanyar da ake kira CLEAN, wadda ke share dattin da giɓin da ke tsakanin kwanuka ke bari a hoto, Clark kuma ya fito da sigarta mai sauri a 1980. A daidai lokacin aka gano yadda za a yi amfani da abin da ake kallo a gyara karkacewar da iska da na'urori ke jawo wa kowane kwano. Hotunan suka yi kyan da ba a zata ba. Don a sauke wa DEC-10 kaya, a ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatan NRAO a Charlottesville ta jihar Virginia suka fara rubuta AIPS, manhajar da masani zai ɗora a kwamfutar jami'arsa ya yi aikinsa a gida. Eric Greisen na cikin waɗanda suka fara ta.

Wata matsalar kuma ta ɓullo. Tef ɗin da kwamfutar wani kamfani ta rubuta, ta wani kamfanin ba ta iya karanta shi, domin kowanne da yadda yake jera lambobinsa. A watan Maris na 1979 Greisen da Don Wells na cibiyar Kitt Peak suka zauna a harabar VLA suka tsara wani fasali na bai ɗaya, Ron Harten na Holan ya shigo cikin aikin. Suka yanke cewa kowane fayil zai fara da bayanin kansa a rubuce, yadda mutum ma zai iya karantawa, a layuka masu gurbi 80, kuma za a riƙa yanka bayanai a ƙunshi mai bayit 2,880, adadin da ya rabu daidai a duk manyan kwamfutocin zamanin. Gwajin farko, an rubuta fayil a kwamfutar IBM a Charlottesville, aka karanta shi a ta CDC a Tucson, ya buɗe lafiya. Wannan shi ne FITS. An wallafa shi a 1981, ƙungiyar masana falaki ta duniya ta karɓe shi a 1982, kuma ƙa'idarsa ita ce duk gyaran da za a yi masa nan gaba ba zai hana karanta tsohon fayil ba. Yau hotunan madubin hangen taurari na Hubble da na James Webb a wannan fasali suke zuwa, har ɗakin karatu na Vatican ya zaɓe shi don adana hotunan tsofaffin rubuce-rubucensa na hannu. Cikin duk abin da aka ƙulla a filin San Agustin, da wuya a sami wanda ya kai wannan yaɗuwa.

Tsohon tsarin ya yi aikin a zo a gani. Da shi Jacqueline Hewitt da abokan aikinta suka ga zoben Einstein na farko a ƙarshen shekarun 1980, wato hoton wani abu mai nisa da nauyin gungun taurari ya lanƙwasa ya mai da shi da'ira. Da shi, haɗe da radar cibiyar Goldstone, aka ga alamar ƙanƙara a ƙuryar duniyar Makyuri a 1991. A watan Agusta na 1989, lokacin da kumbon Voyager 2 ya ratsa kusa da Naftun, NASA ta roƙi aron kunnen VLA, ta biya kuɗin sababbin na'urorin karɓa a kowane kwano don a haɗa su da na Goldstone a ji raunanniyar muryar kumbon. A nan ma bugun milisakan 52 ya nuna kansa, domin duk lokacin da bututu ya juya yana kai umarni, ɗan guntun saƙon kumbon ya ɓace ke nan. Sai da injiniyoyi suka tabbatar cewa tsarin gyaran kuskure da ke cikin saƙon zai iya cike wannan giɓi.

Zuwa tsakiyar shekarun 1990 tsufa ya bayyana. Kwanukan lafiyarsu lau, amma abin da ke bayansu ya zama ƙaramar ƙofa. Faɗin zangon da tsohuwar na'urar gwamawa ke iya ɗauka lokaci guda megahaz 100 ne, kuma ba ta iya yanka shi fiye da gida 512. Na'urorin karɓa 'yan tagogi ne a warwatse, tsakaninsu duhu. An sabunta ModComp da sababbin samfura, amma tsarin nasu ne na da, kayan gyara na ƙara wuya, kuma matasan da ke fitowa daga jami'a ba wanda ya koyi irin wannan inji. Sanin sirrin manhajar ya taru a kan mutane ƙalilan, dukansu kuma furfura ta fara kama su. Wannan haɗari ne da ba ya fitowa a takardar kasafi, amma ya fi tsatsa saurin kashe cibiyar bincike.

A 2001 aka fara aikin da aka sa wa suna EVLA. Kuɗinsa bai kai dala miliyan 100 ba. Gidauniyar kimiyya ta Amurka ce ta ɗauki kaso mafi girma, Kanada ta ɗauki nauyin sabuwar na'urar gwamawa da ta kai kimanin dala miliyan 17, Meziko ta ba da kusan miliyan 2. Rick Perley ne masanin da ke riƙe da ɓangaren kimiyya. Burin a bayyane yake: a saurari kowane zango daga gigahaz 1 zuwa 50 ba tare da giɓi ba, a faɗaɗa abin da ake ɗauka lokaci guda daga megahaz 100 zuwa gigahaz 8, ninki 80 ke nan. A lissafin rediyo, kaifin ji yana ƙaruwa ne da saiwar wannan ninki, wato kusan sau 9, idan aka haɗa da ingancin sababbin na'urorin karɓa ya kai sau 10. Da ta hanyar ƙara kwanuka za a nemi wannan kaifi, da sai an gina wasu ɗaruruwa.

Shawarar da ta fi kowace tsada a wajen masu manhaja ita ce ta ƙin rufe wurin. Masana daga ko'ina a duniya sun dogara da shi, ɗalibai na jiran bayanai don kammala digiri, ba wanda zai yarda a kulle shi shekara biyar. Aikin ya zama tamkar sake rufin ɗaki da damina, iyali kuma na kwana a ciki.

Abin da ya taimaka shi ne kwano na 28. Tun asali an gina ɗaya na ƙari, don a kowane lokaci akwai wanda ke cikin babban rumbun gyara ana duba shi, 27 na bakin aiki. Sai aka bi wannan layi. Kwano ya shiga rumbu, a kwashe kayan cikinsa, a sa masa sababbi, ya fito ya koma mazauninsa. Sabon kwano tun a jikinsa yake mayar da sigina lambobi, ya tura ta zaren gilashi da aka binne a gefen tsohon bututu, har gigabit 96 a sakan idan an buɗe shi duka. Kowace na'ura a cikinsa tana da ɗan allonta mai ƙaramar kwamfuta, da adireshinta a kan hanyar sadarwa irin ta ofis, ana tambayarta ta amsa, maimakon jiran rabonta a zagayen milisakan 52. Wannan ma da nasa ciwon kai. Kayan lantarki masu aiki da lambobi suna fitar da ƙarar rediyo, kuma ga su nan a jikin kunnen da aka ƙera don jin abin da ya fi raɗa rauni. Sai da aka kulle kowanne a akwatin ƙarfe mai toshe sigina, aka riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin awo.

To amma sabuwar na'urar gwamawa ba ta iso ba, tsohuwar kuwa ba ta san lambobin zaren gilashi ba. Don haka shekaru da dama ana yin wani abu mai kama da komawa baya: siginar sabon kwano ta iso ɗakin sarrafawa a matsayin lambobi, a sake mayar da ita irin ta da, a miƙa wa tsohuwar na'ura kamar daga bututu ta fito. Jeri guda, kwanuka iri biyu, kowane iri da harshensa. Masu amfani da wurin a waɗannan shekaru sun saba da dogon jerin gargaɗi daga NRAO. Idan tagwaye sun haɗa tsohon kwano da sabo, matatun siginarsu ba su dace ba, sai an yi gyara na musamman. Idan aka bar tsarin yana bin sauyin zango da tafiyar duniya ke jawowa, tsoho da sabo ba sa sauyawa daidai da juna, sai lissafi ya yi tsalle. Idan sababbi biyu ne kuma aka ƙuntata zango, wata sigina ta ƙarya kan naɗo ta shigo gefen bayanai. Hukumar ba ta ɓoye ko ɗaya ba, ta wallafa su tare da hanyar kauce musu, kuma wannan gaskiyar ce ta sa bayanan waɗannan shekaru suke da amfani har yau.

A ɓangaren umarni, an rubuta sabuwar manhaja da Java wadda ake kira Executor, mai karanta jerin aiki da aka rubuta da Jython. Da farko sababbin kwanuka kaɗai take ja, ModComp na jan tsofaffi, ana ƙoƙarin su taka rawa ɗaya. An kuma yi wata 'yar manhaja mai fassara tsohon fayil mai gurbi 80 zuwa sabon harshe, don kada a tilasta wa masana sauya hannu rana ɗaya. Sannu a hankali sabon tsari ya koyi magana da tsofaffin kwanuka da tsohuwar na'urar gwamawa. A tsakiyar 2007 aka kashe ModComp, bayan fiye da shekara 30 irinsu na riƙe da wurin. Barry Clark, wanda ya rubuta manhajar farko, yana cikin waɗanda suka gina wadda ta gaje ta. Ba kowace cibiya ke samun wannan gata ba, a ce mai tsohon gini yana raye, yana nan, kuma ya yarda a rushe.

Sabuwar na'urar gwamawa a Penticton ta lardin British Columbia aka tsara ta, a cibiyar binciken rediyo ta Kanada, Brent Carlson ne ya ƙirƙiro fasalinta. Sunanta WIDAR. Tana yanka faffaɗan zango gida-gida, ta gwama kowane gida daban, sannan ta ɗinke su ba tare da tabo a mahaɗa ba. Tana lissafi kimanin sau miliyan biliyan 10 a sakan. Inda tsohuwa ta tsaya a gida 512, ita daga 16,384 take farawa, tana iya haura miliyan 4. An gina mata ɗaki mai bangon ƙarfe don kada ƙararta ta fita ta kurmantar da kwanuka. Ranar 11 ga Janairu, 2010, aka kashe tsohuwar na'ura. A farkon Maris aka koma bincike da WIDAR, da ɗan ƙaramin kaso na ƙarfinta, ana buɗe mata hanya mataki-mataki. A shekarar ne kuma kwano na ƙarshe ya fito daga rumbu da sababbin kaya.

Ma'aikatan NRAO ba su isa su gwada dukan hanyoyin da za a iya saita irin wannan na'ura ba. Sai suka yi tayi ga masana na waje: duk wanda zai zo ya zauna a Socorro na wasu watanni ya taya gwaji da farautar kurakurai, za a ba shi damar amfani da sababbin hanyoyin tun kafin a buɗe wa kowa, bisa sanin cewa abin na iya ƙin aiki. Da yawa sun amsa, galibi matasa, kuma suka koma jami'o'insu da sanin cikin injin.

Sai ambaliyar bayanai. Abin da a da ake ɗauka a tef guda, yanzu kallo ɗaya kan cika ɗaruruwan gigabayit. Tun 1992 aka fara rubuta magajiyar AIPS da harshen C++, da haɗin gwiwar cibiyoyi daga ƙasashe da dama, aka kira ta AIPS++. Aikin ya ja, ya sha suka, masana da yawa suka ƙi barin abin da suka sani. A tsakiyar shekarun 2000 aka sake masa tsari, aka sa masa fuskar Python, ya koma CASA, wadda ita ce yanzu manhajar VLA da ta cibiyar ALMA da ke ƙasar Chile. Daga 2013 kwamfuta ke yin gyaran farko na bayanai da kanta kafin su isa hannun mai su. Rabon lokaci ma ya sauya. A da ana ba masani dare kaza, ƙarfe kaza, ko iska ta yi kyau ko ta ɓaci. Yanzu yana tsara aikinsa a intanet ya jefa a layi, manhaja ta duba iska da laimar sama da matsayin aikin, ta zaɓi wanda ya dace da sa'ar. An daina asarar daren da ya dace da gajeren zango a kan aikin da kowane dare zai yi masa. An kuma yi rashin wani abu, domin ɗalibi na iya gama digiri da bayanan VLA bai taɓa taka filin San Agustin ba.

AIPS kuwa ba ta mutu ba. Greisen ya ci gaba da kula da ita daga Socorro, kowace shekara da sigarta mai ɗauke da kwanan 31 ga Disamba, kuma masu haɗa kwanukan da ke nahiyoyi daban-daban sun daɗe suna dogara da ita.

Da aka gama, hukumar ta nemi jama'a su ba da sabon suna, aka turo shawarwari fiye da 23,000. Ranar 31 ga Maris, 2012, aka sake buɗe wurin da sunan Karl G. Jansky. Ba a jima ba sabuwar ƙwaƙwalwar ta nuna abin da tsohuwar ba za ta taɓa iyawa ba. Tun 2007 masana ke fama da wasu walƙiyoyin rediyo da ba sa wuce 'yan milisakan, ba a san daga ina suke ba. Ɗaya daga ciki, FRB 121102, wadda kwanon Arecibo ya gano, an tarar tana maimaituwa. Tsarin da ke rubuta sakamako duk sakan 10 zai narkar da irin wannan walƙiya cikin shuu. Amma an koya wa WIDAR fitar da sakamako duk milisakan 5, sau 200 a sakan, wasu kwamfutoci na tace su. A 2016 tawagar Shami Chatterjee da Casey Law ta yi sa'o'i 83 tana dako, ta kama walƙiya tara, ta nuna gurbinsu daidai. A watan Janairu na 2017 aka sanar cewa daga wani ɗan ƙaramin gungun taurari take zuwa, mai nisan tafiyar haske ta fiye da shekara biliyan 3. A watan Satumba na shekarar, kwana 16 bayan na'urorin LIGO da Virgo sun ji girgizar karon wasu taurarin niyutiron biyu, VLA ta kama siginar rediyon karon. A watan ne kuma aka fara VLASS, shirin zana kashi 80 cikin 100 na sama har sau uku, wanda a cikinsa kwanuka ba sa tsayawa, suna tafiya suna ɗauka, manhaja na lissafa inda suke fuskanta a kowane lokaci.

Aikin sabuntawa bai ƙare a 2012 ba. Na'urorin da ke tuƙa injinan juya kwanuka, waɗanda suka rage daga shekarun 1970, bayan haka aka shiga sauya su, su ma kwano bayan kwano ta hanyar rumbun gyara. NRAO ta kuma tsara magajiya, ngVLA, mai kwanuka 244 masu faɗin mita 18 da wasu ƙanana 19, waɗanda za su bazu daga New Mexico zuwa sassan Amurka masu nisa da arewacin Meziko. Kamfanin mtex na Jamus ya ƙera samfurin farko, an kafa shi a filin San Agustin kusa da tsofaffin. Cibiyar sabon jerin a wannan fili za ta zauna, don haka hukumar ta kafa kwamitin masana da zai ba da shawara kan kwanuka nawa na yanzu za a bari suna aiki yayin gini, da na'urorin karɓa nawa, da kuma lokacin da za a sallami WIDAR.